BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN TSARIN SHIRYE-SHIRYEN YINI GUDA A GIDAN TALABIJIN NA NTA SAKKWATO

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin kafuwar gidajen talabijin a Nijeriya. Shi kuwa wannan babi zai dubi yadda ake jera shirye-shirye a cikin yini guda, musamman na makarantu da na wasanni da na tarihi da rayuwar al'umma, waɗanda ake kira dokumentari. An fi mayar da hankali a kan tsakanin shekarar 1977 zuwa 1992, lokacin da ba a ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen talabijin ba. An ɗauki unguwar Gawon Nama a matsayin madubi, domin unguwa ce da ta haɗa ma'aikatan gwamnati da na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Abin da ake son ganowa shi ne, wa aka yi wa wannan tsari, kuma wa ya amfana da shi.

4.1 Manufar Kafa Gidan

Tun lokacin da aka buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a ranar 31 ga Oktoba, 1959, babbar hujjar da aka bayar ita ce ilimi, wato akwatin zai zama malami a inda malamai suka yi ƙaranci. Gidan talabijin na Kaduna ya biyo baya a 1962, na Sakkwato kuma a 1975, a zamanin Jihar Arewa maso Yamma. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977 ita ta tattara gidajen duka a ƙarƙashin hukumar NTA. Wannan ya zo daidai da shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976, wanda ya cika azuzuwa da yara alhali ƙwararrun malamai ba su wadata ba. Ke nan ba a taɓa buƙatar malamin akwati ba kamar a wannan lokaci. Da wannan ma'auni ne ya kamata a auna tsarin yinin, ba da wani ba.

4.2 Yadda Yinin Yake

A wancan lokaci, a ranakun aiki, gidajen NTA kan buɗe ne da la'asar, su rufe wajen tsakar dare da taken ƙasa. Akan fara da shirye-shiryen yara da na ilimi, sannan labarun jiha da wasan kwaikwayo da sanarwa. Da ƙarfe 9 na dare sai a haɗa da Legas domin labarun ƙasa cikin Ingilishi. Abin da ya rage na dare shi ne rabon tattaunawa da dokumentari da finafinan waje. Wasanni kuwa sun fi samun fili a ƙarshen mako, sai fa in wani babban wasa ya taso, wanda shi ba ya jiran layi.

Idan aka dubi wannan jeri za a ga kamar an yi adalci, kowane ɓangare ya sami nasa. Amma rabon lokaci a talabijin kamar rabon nama ne, ba yawan kaso ake dubawa kawai ba, har da inda aka yanko shi.

4.3 Shirye-shiryen Makarantu

Matsala ta farko ita ce lokaci. Yaron Gawon Nama yakan tafi makarantar boko da safe, ya dawo bayan azahar, ya ci abinci, da la'asar kuma ya ɗauki allonsa ko jakarsa zuwa makarantar allo ko Islamiyya. Ba zai dawo ba sai rana ta kusa faɗuwa. Wato a daidai lokacin da aka ware masa a akwatin, shi yana gaban wani malamin. Yarinya kuma ko ta dawo, akwai aiken gida da ke jiranta kafin magariba. Wannan tsari an ɗauko shi ne daga Ingila, inda yaro ke komawa gida da yamma ba shi da wani karatu a gabansa. Ba a sake auna shi da rayuwar Basakkwace ba.

Matsala ta biyu ita ce harshe. Akasarin waɗannan shirye-shirye da Ingilishi suke, wasu ma daga Amurka aka sayo su, kamar Sesame Street. Babu shakka shiri ne mai kyau ga yaron da aka yi shi dominsa. Amma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da kanta ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a inda yake. Ashe ke nan gwamnati ta faɗi abu ɗaya a takarda, akwatinta kuma yana yin wani.

Matsala ta uku ita ce wurin karɓa. Darasin talabijin ba ya kammala sai da aji mai akwati da lantarki da malamin da zai maimaita abin da aka gani. Jamhuriyar Nijar ta gane haka tun 1964, lokacin da ta fara talabijin na makarantu: an kai akwatuna cikin azuzuwa, an kuma horar da masu lura da yara su bi darasin mataki-mataki. Duk da haka shirin bai yaɗu yadda aka so ba saboda tsada. Ƙasar Kwaddibuwa ta gwada irinsa daga 1971, ta dakatar a farkon shekarun 1980. To, idan waɗanda suka kai akwati aji sun sha wahala, ina ga wanda ya watsa darasi cikin iska ya bar shi ga sa'a da hukumar NEPA?

4.4 Wasanni

A nan ne gidan ya fi samun nasara, kuma wajibi ne a yaba. Lokacin da Nijeriya ta ci kofin Afirka a Legas a 1980, ta doke Aljeriya da ci 3 da nema, talabijin ne ya kai wasan gidajen da masu su ba su taɓa ganin Legas ba. Maigida mai akwati yakan fito da shi ƙofar gida, maƙwabta su taru a kan tabarmi. Ƙwallo ba ya buƙatar tafinta, don haka matsalar harshe ba ta shafe shi ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu. Na farko, wasa yakan ture kowane shiri, amma ba a saba ganin darasi ya ture wasa ba. Dalili kuwa kuɗi ne. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 an matsa wa hukumomin gwamnati su nemi kuɗin shiga da kansu, masu talla kuma inda idanu suka taru nan suke zuwa. Na biyu, kalmar "wasanni" ta kusa zama ƙwallon ƙafa kawai. Ƙasar da ta yi suna da dambe da kokawa, ƙasar da Ɗan'anace ya yi wa Shago waƙa, ta cancanci a ba wasanninta fili tsayayye a kowane mako tare da sharhi a kan ƙa'idojinsu, ba sai ranar biki ba.

4.5 Shirye-shiryen Tarihi da Rayuwar Al'umma

Waɗannan sun kasu gida biyu. Akwai na waje, masu nuna namun daji da tekuna da ƙere-ƙere, hotonsu garau amma bayaninsu da Ingilishi. Akwai kuma na gida, waɗanda sau da yawa kan karkata ga nuna ayyukan gwamnatin da ke ci. Ba rashin abin nunawa ba ne ya kawo haka. Hubbaren Shehu da Alkalawa da Surame da bikin kamun kifi na Argungu da sana'ar jima da dukanci duk suna nan. Haka nan madatsar ruwa ta Bakolori, inda rikicin manoma na 1980 ya jawo asarar rayuka, batu ne da ya cancanci a saurari bakin waɗanda abin ya shafa.

Ba kuma rashin gwaninta ba ne. Gidan da ya fitar da Idon Matambayi, wasan da ya karɓu saboda yana magana da Sakkwatanci a kan al'amuran mutanen gari, ya san hanyar zuciyar mai kallo. Shirin Nigeria: A Squandering of Riches, wanda BBC da NTA suka haɗa a 1984, Onyeka Onwenu ta gabatar, ya nuna cewa hukumar za ta iya faɗin gaskiya mai ɗaci idan an sakar mata mara. Abin da ya rage wa dokumentari ƙarfi shi ne harshen da aka zaɓa masa da kuma ajiye shi can cikin dare, bayan mai sammakon asuba ya kwanta.

4.6 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya gano cewa tsarin yinin ya haɗa ilimi da wasanni da tarihi a takarda, amma a aikace wasanni ne suka sami tsoka, ilimi ya sami ƙashi. Doka mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe ƙofa ga gidaje masu zaman kansu, daga baya tauraron ɗan'adam da gidajen kallon ƙwallon Turai da wayar hannu suka raba hankalin masu kallo. Amma matsalar ba ta gushe ba. Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, jihohi da dama sun koma ga rediyo da talabijin domin koyarwa, sai tsofaffin tambayoyin suka dawo: da wane harshe, da wane lokaci, kuma da wace wuta? Saboda haka ana ba da shawarar a riƙa tsara darussa da Hausa tare da malaman firamare, a sanya su bayan sallar isha'i ko safiyar Asabar, a kuma riƙa maimaita su a rediyo domin gidajen da ba su da lantarki. Babi na gaba zai dubi irin Hausar da ake amfani da ita a waɗannan shirye-shirye.