Raspberry Pi Debug Probe: Ƙarama Ce, Amma Aikinta Sai Wanda Ya Gani

Duk mai rubuta manhaja don ƙananan ƙwaƙwalen lantarki ya san azabar lalube cikin duhu. Ka loda manhaja, allo ya yi tsit, ka rasa inda ta maƙale. Raspberry Pi Debug Probe ta zo ta raba mu da wannan wahala, kuma gaskiya ta gama sace mini zuciya!

Kamfanin Raspberry Pi na Ingila ne ya fito da ita a watan Fabrairun 2023, a kan dala 12 kacal. Gidanta na roba ne garai-garai, har kana hango cip ɗin RP2040 a ciki, irin wanda ke kan allon Pico. Ban da ta USB da ke haɗa ta da kwamfuta, kafofi biyu gare ta. Mai alamar D ta SWD ce, inda ake loda manhaja da bin diddigin kuskure. Mai alamar U kuma ta UART ce, tana kawo maka saƙonnin allo kai tsaye zuwa kwamfuta. Aikin na'ura biyu ke nan a kan kebul ɗaya!

Ka jona wayoyi uku, ruwan lemo da baƙa da rawaya, ka kunna manhajojin OpenOCD da GDB a kwamfuta, sai ka sha kallo. Za ka tsayar da manhaja cak a kan layin da kake zargi, ka leƙa abin da ke cikin ma'adanar cip, ka bi ta layi-layi har ka cafke kuskuren da idonka. Masu Pico kuwa sun huta da cire kebul, danne maɓallin BOOTSEL, mayar da kebul, a duk gyara komai ƙanƙantarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta da ƙabilanci. An gina ST-Link ne don cip ɗin kamfanin ST, manyan J-Link na Segger kuma kuɗinsu ya kai ɗaruruwan daloli. Ita kuwa da tsarin CMSIS-DAP take aiki, don haka tana hulɗa da cip na Arm Cortex-M na kamfanoni daban-daban, muddin suna da SWD a kan bolt 3.3. Manhajar cikinta ma a buɗe take ga kowa.

Ka dai tuna ba ta ba allonka wuta, sai ka tanadar masa tasa. In kai ɗalibi ne ko mai ƙere-ƙere a gida, kada ka tsaya wata-wata: wannan za ka fara saya, kuma za ka gode wa Allah.