4.3 Sha'awar Marubuci da Tasirinta a Maƙalolin Wikipedia ta Hausa

Wannan fasali zai yi tsokaci ne a kan yadda sha'awar mai rubutu take yin tasiri a maƙalolin fasaha da na kimiyya. Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa Wikipedia a shekarar 2001, tsarinta bai dogara da editocin da ake biya albashi ba. 'Yan sa-kai ne suke rubuta ta, kuma kowa abin da ya ba shi sha'awa yake ɗauka. A nan ƙarfinta yake, a nan kuma rauninta yake.

Ƙarfin shi ne, mai son abu ba ya gajiya da bibiyarsa. Raunin kuwa shi ne, sha'awa takan raba abin da a rayuwar Bahaushe haɗe yake. Misali, sana'ar rini ta marinar Ƙofar Mata a Kano. Mai sha'awar fasaha zai tsaya a kan kyan zane da adon ƙulli da sheƙin bugu. Mai sha'awar kimiyya kuma zai fassaro bayanin sinadarin shuni daga Ingilishi, bai ambaci karofi ba. Alhali marini ya san yadda ake haɗa baba da toka a bar su su ruɓa, ya kuma san cewa zane yakan fito daga ruwan da launin kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi. Maƙalar da ta kasa haɗa waɗannan fuskoki biyu ba ta cika ba. Haka lamarin yake ga bakan-gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, domin ado ne, kuma lissafin nauyi ne.

Matsala ta biyu ita ce ƙa'idar kafa hujja da rubutacciyar madogara. Ƙa'idar tana hana shaci-faɗi, amma mafi yawan ilimin masu sana'a a baka yake. Saboda haka sai mai rubutu ya ga fassara ta fi masa sauƙi, ko da jimlolin za su fito da ƙirar Ingilishi.

Ta uku ita ce keɓaɓɓun kalmomi. Ƙamusun da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya taimaka wa fannin harshe da adabi, kuma ƙamusun Bargery na 1934 yana ɗauke da kalmomin sana'o'i masu yawa. Marubucin da bai duba irin waɗannan ba, sai ya ƙirƙiro tasa kalmar, mai karatu ya rikice.

Bisa ga haka, sha'awa kaɗai ba ta isa ba. Matuƙar binciken da ɗalibai suke yi a wajen masu sana'a bai fita daga kantar ɗakin karatu an wallafa shi ba, ɗan sa-kai ba zai sami abin kafa hujja ba, kuma ilimin zai iya bin masu shi zuwa kushewa.