Waƙoƙin da Fasto Ke Ɗauka a Waya

A ƙananan ikkilisiyoyin Gumel da Maigatari, fasto yakan yi noma, ya shiga kasuwa ran Alhamis neman na cefane, da dare ya ɗauki waƙa a waya. Waƙoƙin nan sun fi ƙarfi inda suka tsaya kan Zabura, cikin Hausar da tsohuwa za ta iya amsawa. Rauninsu shi ne kiɗan kwamfuta mai danne kalmomi, da amshin da ba ya koyar da kome. Kolosiyawa 3:16 ta haɗa waƙa da koyarwa, 1 Timoti 3:4-5 kuma ta sa kula da gida cikin sharuɗɗan shugabanci. Waƙar da ta cinye kuɗin makarantar yara da lokacin shirya wa'azi ta yi tsada, kome daɗinta.