Dutsen da Ake Hawa da Tsakar Dare

Da misalin ƙarfe 11 na dare ake tada mutane a zangon Barafu. Jagora zai zo bakin tanti da fitila ɗaure a goshi, ya ɗan bubbuga, ya miƙo shayi mai zafi. Zangon yana kan wani tudun duwatsu a jikin Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, a tsayin mita 4,600 da ɗoriya, kuma sunansa ya faɗi halinsa, domin barafu a harshen Suwahili ƙanƙara ke nan. Baƙon da ya kwana biyar yana tafiya, kai na sara masa, barci bai ishe shi ba, dole ya tambayi ransa: me zai hana a bari gari ya waye?

Amsar wannan tambaya ita ce sana'ar jagororin dutsen nan, waɗanda da yawansu 'yan ƙabilar Chagga ne da aka haifa a gindinsa, a yankin Moshi da Marangu. Hukumar gandun dajin da dutsen yake ciki ba ta barin kowa ya hau sai da jagora mai lasisi, kuma duk wanda ya ga aikinsu zai yarda dokar ta yi daidai. Hanya kam ba ta ɓuya, sawun dubban mutane ya riga ya fitar da ita. Abin da jagora yake riƙe da shi a ka shi ne lokaci.

Daga Barafu zuwa bakin ramin da ke saman dutsen, wurin da ake kira Stella Point, gangare ne na tsakuwa da tokar aman wuta. Da rana tsakuwar nan sakakkiya ce, ka taka gaba ta zame da kai baya, kamar mai hawan tulin yashi. Da dare kuwa sanyi yakan daskarar da ɗan danshin da ke tsakaninta, sai ta kame ta riƙe ƙafa. Haka dusar ƙanƙara take in ta zuba: kafin fitowar rana bayanta da tauri, ana takawa ana jin ƙaras-ƙaras, amma da hantsi ya ɗaga sai ta saki, ƙafa ta riƙa nutsewa, kowane taku ya ci ƙarfin taku uku. Jagora yakan gane inda aka kwana daga ƙarar takalminsa da kuma yadda tsinin sandarsa yake shiga. Idan sanda ta fara lumewa ba gardama, ya san rana ta fara cin lokacinsa.

Sai kuma maganar gajimare, wadda ita ce ta fi burge ni. Kilimanjaro yana tsaye shi kaɗai a fili, kuma kusan kullum yana yin abu iri ɗaya. Da safe rana takan gasa jikinsa, iska mai ɗumi ta taso daga kurmin da ke ƙasa ɗauke da danshi, ta hau tana hucewa, kafin azahar ta zama hazo da gajimare ta lulluɓe sama. Da dare iska mai sanyi ta gangaro, sarari ya washe, taurari su fito fes. Saboda haka awannin da saman dutsen yake a buɗe kaɗan ne, daga asuba zuwa hantsi. Hawan da ya rage daga Barafu ya kai mita 1,200, kuma yakan ci awa 6 zuwa 7. In ka lissafa da baya daga fitowar rana, sai ka faɗo daidai tsakar dare. Tun da la'asar jagora zai riƙa ɗaga kai yana duban ƙololuwa. In ya ga wani farin girgije mai santsi ya zauna mata kamar malafa, ba ya gusawa, ya san iska mai ƙarfi tana kaɗawa can sama ko da a zango ko tanti bai motsa ba, sai ya sa a ƙara sutura, ko ya ɗan sauya lokacin tashi.

A wani gefen dutsen maganar ta wuce ta wahala, ta rai ce. Hanyar yamma da ake kira Western Breach tana bi ne ta ƙarƙashin duwatsun da ƙanƙara ta liƙe su da juna. A watan Janairun 2006 duwatsu suka ɓalle suka kashe Amurkawa uku a wurin, har aka rufe hanyar na wani lokaci. Da aka sake buɗe ta, masu bin ta suka riƙa sa hular kwano, suna fita da duhu don su wuce wurin haɗarin kafin rana ta taɓa shi.

Shekarar ma a karance take a wurin jagora. Babbar daminar yankin daga Maris take zuwa Mayu, ƙarama kuma a wajen Nuwamba, kuma a lokutan ne dusar ƙanƙara ta fi zuba a sama, ƙasa kuma ta zama taɓo. An fi hawa daga Yuni zuwa Oktoba, da kuma Janairu da Fabrairu. Danshi daga Tekun Indiya yake zuwa ya fi sauka a gefen kudu, shi ya sa in baƙo ya nace sai ya hau a watan ruwa, jagora zai nuna masa hanyar Rongai ta arewa, wajen iyakar Kenya, inda ruwa bai cika yawa ba.

Mu koma kan hanyar Stella Point. Ga masu hawa nan a layi cikin duhu, kowa ba ya ganin komai sai dugadugan na gabansa. Jagora yana gaba yana jan tafiya a hankali har sai baƙo ya ƙosa, yana ta maimaita pole pole, wato sannu sannu. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa hikimar, tunda ya san sannu ba ta hana zuwa. A wannan tsayi iskar da mutum yake samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce, wanda ya yi gaggawa shi zai fara zubewa. Hutu kuma ba ya wuce 'yan mintoci, don wanda ya daɗe a zaune sanyi zai kama shi. Har gorar ruwa jagorori sukan ce a kifa ta cikin jaka, baki ƙasa, saboda ruwa daga sama yake fara daskarewa.

Duk wannan tafiya kunnen jagora yana baya, kamar madugun da ya san halin kowace dabba a ayarinsa. Yana sauraron tari, yana jefa wa mutum 'yar tambaya don ya ji ko amsar za ta fito daidai, yana haska fitila ya ga ko tafiyar ta koma tangaɗi. Ciwon kai da tashin zuciya mutane da yawa suna yi. Amma in mutum ya fara rikicewa, ko numfashinsa ya koma kurkur a ƙirji, magani ɗaya ne, a sauka nan take. A nan nake ganin girman mutanen nan. Baƙo ya kashe kuɗi mai yawa, ya zo daga wata uwa duniya, ga ƙololuwa saura ƙiris, kuma jagora ya san tukuicinsa yana iya raguwa. Duk da haka zai dafa kafaɗarsa, ya haɗa shi da mataimakinsa, ya juya shi ƙasa.

Waɗanda suka dage sukan iso Stella Point daidai lokacin da gabas take yin ja a bayan tsaunin Mawenzi. Daga nan tafiyar kamar awa guda ce a gefen ramin zuwa Uhuru, mita 5,895, wurin da ya fi ko'ina tsayi a Afirka. A gefe ga katangun ƙanƙara tsaye, ragowar abin da Turawa biyu, Hans Meyer da Ludwig Purtscheller, suka tarar da suka hau a 1889. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙarar da aka auna a 1912 ta riga ta tafi. Jagora zai ce a sa baƙin tabarau, don hasken da dusar take mayarwa yana ƙona ido. Zai ɗauki hoto, ya bar mutane su yi murnarsu kamar minti 15, sannan ya tafa hannu a juya.

A saukowa tsakuwar da ta riƙe ƙafa da dare ta riga ta saki, sai a riƙa zamewa a kanta da dugadugai, ƙura na tashi. Kafin azahar an dawo Barafu, 'yan dako suna naɗe tantuna don a gangara zangon Mweka. In ka waiwaya sama a lokacin, sau da yawa ba za ka ga inda ka tsaya ɗazu ba, gajimare ya rufe shi ruf.