Barkwancin Kome da Babin Idda: Yadda Masu Kallo a Tambuwal da Kebbe Suka Karɓi Fim ɗin The Awful Truth

Mai karatu yana da haƙƙin tambayar abin da ya haɗa mujallar nazarin addini da tsohon fim na Amurka, mai hoto baƙi da fari, wanda aka yi tun 1937. Babin idda ne ya haɗa su. Na daɗe ina karantar da wannan babi daga Risala ta Ibnu Abi Zaid, kuma na lura ɗalibai suna haddace shi kamar lissafi: tsarki uku, wata uku, ko haihuwa. In an tambaye su hikimarsa sai su ce tabbatar da cewa babu ciki, su tsaya nan. Da na ci karo da littafin Stanley Cavell, masanin falsafa na Jami'ar Harvard, mai suna Pursuits of Happiness, wanda ya fito a 1981, na tarar ya ware finafinai bakwai ya ba su sunan da za a iya fassarawa da barkwancin kome, domin jigonsu shi ne ma'auratan da suka rabu suna neman hanyar komawa. Sai na nemi ɗaya daga cikinsu.

Kamfanin Columbia ne ya shirya fim ɗin, Leo McCarey ya ba da umarni, har ya sami lambar Oscar a kansa. Cary Grant ya fito a matsayin Jeri, Irene Dunne kuma a matsayin matarsa Lusi. Jeri ya ce wa matarsa ya tafi Fulorida, alhali bai bar Niyok ba. Har fitila ya sa aka haska masa don fatarsa ta yi kamar ta wanda ya sha rana. Ya dawo gida bai tarar da ita ba, sai ga ta ta shigo tare da malaminta na waƙa, tana cewa mota ce ta lalace musu a hanya har suka kwana. Ita kuma ta ɗauki lemo daga tsarabar da ya kawo, ta ga tambarin Kalifoniya a jikinsa. Zargi ya kai su kotu, alƙali ya raba auren, amma da wa'adin da sai ya cika rabuwar za ta tabbata. Duk sauran fim ɗin a cikin wannan wa'adi yake gudana.

A hutun ƙarshen zango na tafi da shi gida Tambuwal. Bayan sallar isha'i muka kalla a zaure tare da wasu malaman makaranta, da ɗalibaina biyu, da wani dattijo da ya yi aikin kotu har ya yi ritaya. Ina fassara musu yana tafiya, irin yadda masu fassarar finafinan Indiya ke yi, ko da yake ban kai su gwaninta ba, kuma na tsallake wuraren rawa da shaye-shaye. Ƙanwata da ke aure a Kebbe, mai koyarwa a Islamiyyar matan aure, ta kalla tare da abokan aikinta, ta aiko mini da ra'ayoyinsu ta saƙon murya. Hira ce wannan, ba ƙididdiga ba, kuma a matsayin hira nake kawo ta.

Saɓanin farko a kan wanda ya fara laifi ne. Mazan zaure, in ban da mutum ɗaya, sun ɗora wa Lusi: matar aure ta kwana a waje da namiji ajnabi, me ya rage a tambaya? Matan Kebbe kuwa lemon suka riƙe. A ganinsu ita ta faɗi abin da ya same ta a gaban baƙi ba tare da ɓoye-ɓoye ba, shi kuwa ƙaryarsa shiryayya ce, da fitila da tsaraba. A nan gwanintar McCarey ta bayyana, domin bai nuna mana ko ɗayansu yana aikata alfasha ba. Ya bar mai kallo da abin da Jeri yake da shi kawai, wato zato. Dattijon kotu ne ya ankarar da mu cewa mun yanke wa matar hukunci da hujjar da babu alƙalin da zai karɓa. Keɓewa da ajnabi laifi ne, ba mu musa ba, amma tsakaninsa da abin da ake zarginta da shi akwai shaidu huɗu da Suratun Nur ta shar'anta, akwai kuma gargaɗin aya ta 12 ta Suratul Hujurat game da yawan zato. Fim ɗin da ya iya sa malamai suka faɗa ramin da jaruminsa ya faɗa, ba ƙaramin aiki ya yi ba.

Batun kare ya fi komai ba zaure dariya. Ma'auratan ba su da ɗa, sai kare, kuma a kansa suka yi jayayya a gaban alƙali. Lusi ta yaudari karen da abin wasa ya zo wurinta, Jeri ya sami izinin ziyara. Cavell ma ya lura cewa ma'auratan irin waɗannan finafinai ba su cika samun 'ya'ya ba, kuma dalilin a fili yake: da yaro ne a tsakiyar kotun nan da babu mai dariya. Matan Kebbe ba su yi dariyar da muka yi ba. Ɗaya daga cikinsu ta ce ko ba komai an bar wa matar abin da ta rena. Maganar ta yi mini nauyi, domin a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har a kai ta ɗakin miji, matuƙar uwar ba ta yi wani aure ba. A aikace kuwa, sau nawa muke ganin an karɓe yaro da zarar an yaye shi?

Amma inda hirar ta fi zurfi shi ne wa'adin. Ɗalibaina, da zafin sabon karatu, nan da nan suka kama laifin Dan, attajirin man fetur daga Okalahoma wanda ya shiga neman Lusi tun wa'adi bai cika ba. Da idda ce ta sakin kome, suka ce, da nemansa haramun ne, ko a fili ko da jirwaye, domin har yanzu matar wani ce. Gaskiyarsu. Akwai ma masu nazarin da ke ganin dokar tace finafinai da aka tsananta a Amurka daga 1934 ita ta sa marubuta suka ƙaunaci irin wannan labari, don ya ba su damar nuna matar aure tana zance da wani ba tare da an kira shi cin amana ba. Sai dai dattijon ya ja hankalinmu ga wani abu daban. Ya ce, "Malam, su dai suna ganin juna. Mu nan, rad da takarda tak kai hannunta, ran nan a ka kwashe kaya."

Wannan magana ita ce ta fi daraja a duk abin da na ji. A duba wahalar da marubutan fim ɗin suka sha kafin su ajiye mutum biyun nan kusa da juna: ziyarar kare, da rikicewar huluna biyu masu kama da juna, da shigar burtun da Lusi ta yi a matsayin ƙanwar Jeri don ta ɓata masa sabon nema, har zuwa ƙofar da sakatarta ta lalace tsakanin ɗakunansu a daren ƙarshe. Duk dabaru ne na samar da kusanci, saboda dokarsu ta ba da lokaci amma ta bar kowa ya kama gabansa. Shari'a ba ta bukaci ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ba. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar daga ɗakinta, ta hana ta fita, sannan ta rufe da nuni ga cewa Allah yana iya kawo wani sabon al'amari bayan haka. Ciyarwa da tufatarwa suna kan miji, gado yana gudana tsakaninsu in ɗaya ya rasu. Mu kuwa mun riƙe ƙidayar kwanaki mun saki zama. Da yamma ta yi an ɗaure gado da katifa, an sauke jere, mota ta nufi Dogon Daji ko Sanyinna. Daga nan maganar ta bar hannun mutum biyu ta koma ta gida biyu, kowane yana tsaron girmansa, har idda ta cika ana jiran wanda zai fara aike.

Ban so in wuce ba tare da kawo martanin matan ba, don ba su yarda da ni gaba ɗaya ba. Sun ce zama a ɗakin wanda ya sake ki, kishiya tana kallo, uwar miji tana habaici, wani lokaci ma babu cefane, ba abu ne da mai wa'azi zai faɗa daga kan mumbari ya wuce ba. Hujjarsu tana da ƙarfi. Hanin da ke ayar da miji ya fara, kuma aya ta 231 ta Baƙara ta hana riƙe mata don cutarwa, Malikiyya kuma sun ba alƙali ikon raba aure saboda cuta. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne masu sulhu biyu na aya ta 35 ta Nisa'i, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata. A nan fim ɗin ma fanko ne. Babbar da ke kusa da Lusi gwaggonta ce, ita ce kuwa ta haɗa ta da attajirin.

Fim ɗin ya ƙare ana daf da ƙarfe goma sha biyun daren da wa'adi zai cika, Jeri ya amsa cewa shi ya yi wauta, suka shirya. Ɗalibai suka ɗauko gardama: wannan kome ne? A wurin Malikiyya niyya ce ginshiƙi, da furuci ko da aiki. Hanafiyya suna ganin aikin kaɗai ya isa. Shafi'iyya sai da furuci. Kafa shaidu mustahabbi ne a mashhurin mazhabarmu, a ɗakin nan kuwa babu kowa sai kyanwa da agogo. Ɗaya ya ƙara da cewa dokarsu ba ta ƙidaya saki, tamu tana ƙidayawa, kuma duk dariyar nan tana yiwuwa ne ga wanda ya yi ɗaya ya kame bakinsa. Wani daga cikin malaman makarantar, wanda duk zauren ya san ya taɓa haɗa uku a numfashi guda, ya ɗauki takalmansa ya ce dare ya yi.

Bayan kwana biyu ƙanwata ta sake aiko da saƙo. Abokan aikinta suna tambaya ko a cikin wuraren da na tsallake akwai inda Jeri ya gaya wa matarsa inda ya kasance a kwanakin da ya ce yana Fulorida. Na sake kallon fim ɗin daga farko har ƙarshe. Bai gaya mata ba.