Wayar da Aka Binne da Ranta

A ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu a Sudan, daga Mai Wurno har Damazin, mutane sun saba da gyara. In koma ta yage, masunci ya ɗinke ta. In ƙotar fartanya ta karye, a sake ƙota. Ko madatsar ruwa ta Rusairis, kusa da Damazin, wadda aka gama a 1966, ba a rushe ta don tsufa ba. Tsayi aka ƙara mata, mita 10, a 2013.

Amma dubi wayar hannu. Ran 24 ga Oktoba, 2023, WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba. Ba su fashe ba, ba su faɗa ruwa ba. Daga nesa aka yanke musu hukunci. A lokacin kuwa, wata shida ke nan da ɓarkewar yaƙin Sudan. Iyalai sun warwatse, uwa a Damazin, ɗa a wata ƙasa, saƙon murya ne kaɗai ke haɗa su. Wanda abincin yau ya gagare shi, da me zai sayi sabuwar waya?

Kamfanoni sukan ce tsohuwar waya ba ta da tsaro, masu riƙe da ita kuma kaɗan ne. Akwai gaskiya a ciki. Amma su wane ne kaɗan ɗin nan? Matalauta ne, waɗanda ba a tambaye su ba.

Wannan hali ba sabo ba ne. A 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki suka haɗu a Janiba, suka yarda kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. A 2020 Faransa ta ci kamfanin Apple tarar yuro miliyan 25 saboda rage saurin tsofaffin iPhone ba tare da sanar da masu su ba.

Mai karatu, mu ma da namu laifi. Mukan raina mai tsohuwar waya, mu ci bashi don a gan mu da sabuwa, alhali kuwa da tsohuwar zuma ake magani. Kafin ka sayi waya, ka tambaya: shekara nawa za a ci gaba da sabunta ta? Ana iya canja batirinta? Ka fara kai taka wurin mai gyara a kasuwa. In kuwa dole ka sake, kada ta kwanta a akwati. Ka ba maƙwabcin da ya daɗe bai ji muryar ɗansa ba.