Abota Ko Almajirci? Waiwaye a Kan Karɓuwar Fim ɗin 3 Idiots

Fim ɗin 3 Idiots, wanda Rajkumar Hirani ya ba da umarni, Vidhu Vinod Chopra kuma ya ɗauki nauyi, ya fito a Indiya a watan Disambar 2009. Cikin ƙanƙanen lokaci ya zarce duk finafinan Hindi da suka gabace shi wajen kawo kuɗi, ya lashe kyautar Filmfare ta gwarzon fim, ya kuma samu karɓuwa har a Sin da Taiwan. An sake shirya shi da harshen Tamil a 2012 da sunan Nanban, sannan a Meziko a 2017. Wannan maƙala na son duba abin da masu sharhi suka yaba da abin da suka kushe, da kuma wani gurbi da yawancinsu suka tsallake.

Yabon ya taru ne a kan jigo. An ɗauki labarin Farhan da Raju da Rancho, ɗalibai uku a kwalejin injiniyanci, a matsayin bulala ga tsarin ilmin da ya fifita hadda a kan fahimta. Wannan yabo yana da tushe, domin a ƙasar da matsin jarrabawa ke kai wasu ɗalibai ga halaka kansu, mutuwar Joy Lobo a farkon fim ɗin ta sa dariyar 'yan kallo ta tsaya cak.

Suka kuwa ta rarrabu. Wasu sun ce Aamir Khan, mai shekara 44 a lokacin, ya girme wa rawar ɗalibi. Wasu sun ɗauki karɓar haihuwa da injin shara a matsayin ƙarin gishiri. Akwai kuma taƙaddamar da ta ɓarke tsakanin masu fim ɗin da marubuci Chetan Bhagat, wanda aka gina labarin a kan littafinsa Five Point Someone na 2004, game da inda aka sanya sunansa. Duk waɗannan ƙananan lamurra ne. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta jawabin Chatur, inda aka musanya wata kalma da kalmar fyaɗe don a ba da dariya, da kuma yadda aka mayar da talaucin gidan su Raju abin raha ta hanyar nuna shi cikin hoto marar launi irin na tsofaffin finafinai.

Sai dai kusan kowa, mai yabo da mai suka, ya amince cewa fim ne na abota, kuma a nan gizo ke saƙa. Abota tana buƙatar ba-ni-in-ba-ka, amma me Farhan da Raju suka taɓa koya wa Rancho? Shi ne mai hikima, shi ne mai ƙarfafa Farhan ya fuskanci mahaifinsa a kan burinsa na ɗaukar hoton namun daji, shi ne mai cire wa Raju tsoro. Su nasu sauraro ne da godiya. Wannan dangantaka ta fi kama da ta malami da almajiransa. Hatta zubin labarin ya tabbatar da haka: mutum biyu sun niƙi hanya har Ladakh suna neman wanda ya ɓace musu shekara da shekaru ba ko sallama.

Wurare biyu ne abotar ta yi numfashi da kanta. Na farko, ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, Farhan da Raju suka tsinci kansu a ƙarshe, Rancho a kan gaba, sai farin cikinsu ya gauraya da ƙyashi. Duk wanda ya zauna a aji ya san wannan zafin. Na biyu, lokacin da shugaban kwalejin ya ba Raju zaɓi tsakanin a kore shi ko ya ɗora laifi a kan Rancho, ya gwammace ya faɗo ta taga. A nan sadaukarwar ta fito ne daga mai rauni, shi ya sa ta fi duk jawaban Rancho ratsa zuciya.

Ƙarshen fim ɗin ma ya warware abin da ya saƙa. Bayan kusan awa uku ana kushe tseren neman matsayi, sai ga shi Rancho ne Phunsukh Wangdu, mashahurin mai ƙirƙira wanda Chatur ke fafutukar samun sa hannunsa. Ashe da mudun Chatur ɗin aka auna nasarar. Da Hirani ya bar Rancho a matsayin malamin ƙaramar makaranta a tsaunukan Ladakh, ba suna ba dukiya, da an ga ko Farhan da Raju za su ci gaba da ganin girmansa, da an ga kuma ko 'yan kallo za su fita daga silima suna tafi.